Yadda Malami Zai Karanta Tsofaffin Labaran Sojan Ingila da Ɗalibansa a Ƙasar Bauchi da Gombe

A ɗakunan karatu na wasu tsofaffin makarantun sakandare, da kuma cikin kwalayen littattafan da ake aikowa kyauta daga ƙasashen waje, malami yakan ci karo da wani irin littafi mai kauri wanda bangonsa ke ɗauke da hoton saurayin Bature cikin jar riga ko kaki, da takobi a hannu, ga hayaƙin bindiga ya turnuƙe bayansa. Waɗannan su ne labaran yaƙi da aka rubuta wa yaran Ingila a zamanin da ƙasarsu ke mamaye ƙasashen mutane. Wasu malamai sukan jera su a kan kanta domin Turancinsu mai kyau ne, wasu kuma sukan kulle su a sito domin raina baƙar fata da ke cikinsu. Ni kuwa ra'ayina shi ne a fito da su a karanta tare da yara, amma da shiri, domin ɗalibin da ke zaune a Bajoga ko Nafada ko cikin ganuwar Bauchi yana da abin da ɗan Landan bai taɓa samu ba, wato ƙasar da aka yi irin wannan yaƙi a kanta tana ƙarƙashin ƙafarsa.

Abin da zan bayyana a nan ya fi dacewa da ɗaliban babbar sakandare, ko ɗaliban kwalejin ilimi da ke nazarin adabi da tarihi. Ga ƙananan yara kuwa, gara a dakata tukuna.

Sanin marubucin da kasuwarsa

Kafin malami ya buɗe shafin farko a gaban aji, ya kamata ya san wanda ya rubuta littafin da kuma wanda aka rubuta dominsa. Mafi shahara a wannan fanni shi ne G. A. Henty, wanda ya rayu daga 1832 zuwa 1902, ya kuma rubuta littattafai da yawan gaske, akasarinsu domin samari. Shi kansa ya yi aikin samar wa soja kayan abinci a yaƙin Kirimiya, daga baya ya zama wakilin jarida, har ya bi rundunar Janar Wolseley zuwa ƙasar Asante, a Ghana ta yanzu, a yaƙin 1873 zuwa 1874, wanda aka ƙone birnin Kumasi a cikinsa. Saboda haka bayanin da yake bayarwa game da tafiyar runduna da tsarin daga yakan yi kusa da abin da rahotannin gwamnati suka faɗa, kuma wannan ne ya sa yaro kan gaskata sauran abin da ya biyo baya. A gefe guda akwai mujallun yara na mako mako, irin su Boy's Own Paper da wata ƙungiyar yaɗa addinin Kirista ta fara bugawa a 1879, inda ake sako labari guntu guntu yadda yaro zai matsu mako ya zagayo. Makarantu da majami'u sukan ba da irin waɗannan littattafai a matsayin kyautar ƙwazo a ƙarshen shekara. Ke nan iyaye da malamai da limaman coci su ne masu saye, kuma marubuci ya san abin da suke so ɗansu ya koya: jarumtaka, da biyayya, da yarda cewa Ingila ta cancanci ta mulki wasu.

Haƙƙin mallakar waɗannan littattafai ya daɗe da ƙarewa, don haka ana samun su kyauta a intanet, musamman a rumbun Project Gutenberg. Malamin da ba shi da kwafe da yawa yana iya buga babi biyu ko uku kawai ya raba wa ɗalibai. Ba na ba da shawarar a karanta littafi sukutum, domin suna da tsawo, kuma rabin kowanne tarihin yaƙi ne da aka cusa a tsakiyar labari. Ga wanda ke neman inda zai fara, littafin Henty na 1884 mai suna By Sheer Pluck ya fi kusa da mu, tunda a Afirka ta Yamma aka gina shi, kuma Hausawa sun fito a ciki a matsayin 'yan rakiya masu bindiga, da sunan da ya rubuta Houssa. A cikinsa ne kuma aka sa wani Bature ya kwatanta hankalin baƙar fata da na ƙaramin yaro. Malami ya karanta wannan wuri shi kaɗai tun daga gida, ya yanke shawarar yadda zai gabatar da shi, kada ya auka masa kwatsam a gaban aji.

Raba sojan littafi da sojan bariki

Darasi na farko shi ne a sa ɗalibai su zana hoton jarumin da kalmomi: shekarunsa, da gidan da ya fito, da yadda ya shiga soja, da abin da ya samu a ƙarshe. Za su tarar da cewa kusan kullum yaro ne ɗan shekara goma sha biyar zuwa sha bakwai, ɗan asali wanda talauci ya auka wa gidansu, mai saurin koyon harsuna, wanda kan shafa wa jikinsa rini ya shiga cikin abokan gaba ba a gane shi ba. Yakan ceci wani babban hafsa, a yaba masa, a ƙara masa girma, sannan ya koma gida da dukiya ya yi aure ya sayi gona. Ko da ya fara a matsayin mai busa begila, ƙarshensa hafsa ne, domin marubucin ba ya barin ɗan asali ya dawwama cikin kurata.

Daga nan sai malami ya kawo hoton sojan gaskiya na wancan zamani. Yawancin ƙananan sojojin Ingila 'ya'yan talakawa ne, leburorin gona da marasa aikin yi na birane, da kuma mutanen Ayalan da yawa waɗanda yunwa ta koro. Albashin ƙaramin soja sule ɗaya ne a rana, kuma daga ciki ake yanke kuɗin wanki da gyaran kaya da ƙarin abinci, har abin da ke zuwa hannunsa ya zama 'yan kwabbai. Abincin da gwamnati ke ba shi a rana burodi ne laba ɗaya da nama kashi uku cikin huɗu na laba. Kaɗan ne ƙwarai ake ba izinin aure da zama da iyali a bariki. Har zuwa 1871 ana sayen muƙamin hafsa da kuɗi a rundunar ƙasa da ta dawaki, kuma ko bayan da aka soke wannan a gyare-gyaren da ministan yaƙi Cardwell ya yi wa soja, hafsa yana bukatar dukiyar gidansu kafin ya iya riƙe kansa. Bulala kuwa sai a 1881 aka hana yi wa sojan Ingila ita a fagen daga, amma aka ci gaba da yi wa sojojin Afirka da ke ƙarƙashin tuta ɗaya shekaru da yawa bayan haka. Wannan bambanci na bulala yakan tsaya wa ɗalibai a rai fiye da duk sauran bayanan.

Sai kuma batun cuta, wanda littattafan ke ratsawa da sauri. A yaƙin da Ingila ta yi da Buwa, wato Turawa 'yan asalin Holan da ke zaune a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, sojojinta da zazzaɓin taifod da sauran cututtuka suka kashe sun fi waɗanda harsashi ya kashe yawa. A gaɓar Afirka ta Yamma zazzaɓin cizon sauro da shawara sun yi wa Turawa ɓarna har suka riƙa kiran yankin kabarin Bature, kuma sai a 1897 wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jikin sauro. Jarumin littafi yakan kwanta zazzaɓi a ƙarshen babi, ya sha kwini, ya miƙe a farkon babi na gaba. A sa ɗalibai su ƙirga shafuka nawa aka ba faɗa, nawa aka ba jinya da zaman jira da fareti da gadi. Rayuwar soja ta gaskiya akasarinta jira ce, da zafi, da kewar gida, da giya, amma wa zai sayi littafin da yaro ke goge takalmi shafi ɗari uku?

Wani ƙaramin abu da ke taimakawa shi ne duba hoton bango. Jar rigar nan da masu zane ke so, a yaƙin Ginnis na ƙasar Sudan a ƙarshen 1885 ne aka fi ambata cewa an sa ta a daga karo na ƙarshe. Bayan haka kaki ya maye gurbinta. Idan ɗalibi ya ga jar riga a labarin da ya faru bayan wannan lokaci, ya san cewa mai zanen kasuwa yake nema.

Ƙirga waɗanda ba a ba suna ba

Nan ne ya kamata malami ya fi daɗewa. A ba kowane rukuni na ɗalibai babi ɗaya, su fitar da jerin duk mutanen da suka bayyana a ciki, su ware waɗanda ke da suna da waɗanda ba su da shi, sannan su ware waɗanda suka yi magana da bakinsu da waɗanda aka yi magana a kansu kawai. Sakamakon yakan zo iri ɗaya: Turawa kaɗan masu suna da tarihi da uwa da ƙanwa a gida, sai baƙi ɗaya ko biyu masu suna domin su barorin jarumi ne masu aminci, sai kuma ɗaruruwan mutane da aka tara cikin kalma ɗaya. 'Yan alaro da ke ɗauke da akwatunan harsashi da tanti da bahon wankan hafsa a ka, da kuku, da boyi, da mai doki, da tafinta, su ne ƙafafun rundunar, amma ba a ganinsu sai ranar da suka jefar da kaya suka gudu, a kira su matsorata.

Da an gama wannan ƙirga, sai a juyo gida. Rundunar da ta ci ƙasar nan ita ce rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897, kuma sojojinta 'yan Afirka ne, Hausawa da Yarbawa da sauran ƙabilu, ƙarƙashin hafsoshi da wasu sajojin Turawa 'yan ƙalilan. Tun a 1863 wani hafsan jirgin ruwa mai suna Glover ya tara Hausawa a Legas ya mai da su 'yan bindiga. Saboda haka lokacin da rundunar Kanar Morland ta iso Bauchi a watan Fabrairun 1902 aka tuɓe Sarki Umaru, yawancin masu riƙe da bindigogin suna jin Hausa. Rundunar nan ce ta wuce ta ƙasar Gombe, ta yi karo da Malam Jibrilla Gaini, malamin da ke jagorantar masu aƙidar Mahadiyya a yankin, aka kama shi aka kai shi Lakwaja. Bayan an ci Kano a watan Fabrairun 1903 da Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas da jama'a mai yawa, har suka iso Burmi, wadda wasu ke rubutawa Bormi, kusa da Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye ta yanzu. Harin farko da aka kai wa garin a watan Mayu bai yi nasara ba, Turawa suka ja da baya. A ranar 27 ga Yuli 1903 aka dawo da ƙarfi, aka yini ana faɗa, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, shugaban rundunar Turawa Manjo Marsh shi ma ya mutu a wurin.

A tambayi ɗalibai: da Henty ya rayu ya rubuta labarin Burmi, wa zai zama jarumi, kuma da wace kalma zai kira Sarkin Musulmi da jama'arsa? Ba sai sun yi dogon tunani ba, domin littattafan da ya rubuta kan Sudan sun riga sun nuna yadda yake kiran mabiya Mahadi, da yadda yake yaba jaruntakarsu a jimla ɗaya ya kuma kira ta haukar addini a jimla ta gaba. A yaƙin Umdurman na 2 ga Satumba 1898, mutanen Halifa, magajin Mahadin Sudan, kimanin dubu goma suka mutu, alhali ɓangaren Kitchener, shugaban rundunar Ingila, bai rasa mutum hamsin ba. Abin da ya kawo wannan tazara shi ne igwa da bindiga mai ruwa da bindigogi masu cin harsashi da yawa, waɗanda aka fuskanta da mashi da takobi da tsofaffin bindigogi. Littafin yara yakan mai da tazarar makami ta zama tazarar hali, kamar dai sanyin zuciyar Bature ne ya ci yaƙin. Alaƙar Sudan da mu kuwa ba ta nesa ba ce, tunda waɗanda suka tsira daga Burmi sun ci gaba da tafiya ƙarƙashin ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu mai shuɗi, inda jikokinsu suke har yau.

Akwai wani abu mai nauyi da malami zai shirya masa. A aji ɗaya ana iya samun jikan wanda ya yi hijira tare da Attahiru, da jikan wanda ya yi wa Bature soja ko tafinta, da ɗan ƙabilun kudancin Gombe da Bauchi waɗanda kakanninsu suka sha harin masu kamun bayi kafin zuwan Turawa, sannan suka sha harin rundunar Turawa bayan zuwansu. Kowannensu da yadda aka ba shi labari a gida. Wasu daga cikin waɗanda suka shiga sojan Bature bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, bariki ya zame musu mafaka da albashi. Kada malami ya bari darasin ya koma shari'ar kakanni. Abin da ake bincike a kansa shi ne yadda littafi ke zaɓen wanda zai ba murya, kuma wannan tambaya tana hawa kan labaran da mu ma muke bayarwa.

Ajiye wata murya kusa da ta Bature

Bai kamata a karanta babin Henty shi kaɗai ba. Adabinmu yana da abin da za a ajiye kusa da shi. Littafin Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu da wani jami'in ilimi Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, ya ba da labarin faɗa da Nasara daga bakin mayaƙin da ya tsaya a ɗaya gefen, kodayake an buga shi ƙarƙashin kulawar hukumar mulkin mallaka, abin da ɗalibi mai lura zai gani a yadda labarin ya ƙare. Daga gasar nan ce kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan ƙasar Bauchi, ya fito, wanda ke nuna bauta daga cikin gida, abin da marubutan Ingila ke yawan kafa hujja da shi wajen halatta mamaya. Ga kuma waƙar maraba da soja ta Malam Sa'adu Zungur, wadda ya yi wa sojojinmu da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, lokacin da 'ya'yan ƙasar nan suka yi wa Ingila yaƙi a dazukan ƙasar Bama da ke Asiya. Idan aka karanta shafi biyu daga can, shafi biyu daga nan, ɗalibai da kansu za su fara lura da cewa kowane marubuci yana da wanda yake kallo da wanda ya juya wa baya, kuma jarumin Ganɗoki ma ba ya rasa cika baki irin na jarumin Henty.

Malamin da ke da hali ya ƙara da ziyara. Daga garin Gombe zuwa filin yaƙin Burmi kusa da Bajoga tafiya ce da za a je a dawo a yini ɗaya, amma a fara neman izinin hukumar makaranta da na iyaye, a kuma sanar da masarauta ko mai unguwa kafin a isa, domin wurin yana da kaburbura kuma mutane suna girmama shi. A gargaɗi yara kada su tono ko su ɗauko wani abu daga filin. A Bauchi kuwa ragowar ganuwa da ƙofofin gari sun isa a tsaya a gabansu a tambayi yara yadda runduna mai igwa za ta kalli irin wannan katanga. Wanda ba zai iya fita ba yana iya gayyato dattijo masanin tarihin gari ko tsohon soja ya zo aji, a kuma roƙi izininsa kafin a ɗauki muryarsa a waya.

Kalmomin bariki ma darasi ne mai daɗi wanda ba ya cin lokaci. A rubuta soja, da saje, da kofur, da samanja, da manjo, da fareti, da bariki, da begila, da gadurum a allo, a bar ɗalibai su nemo asalin kowacce a cikin babin Turancin da ke hannunsu. Ta bakin sojojin nan da littafi bai ba suna ba ne waɗannan kalmomi suka shigo Hausa.

Aikin rubutu da yadda za a duba shi

A ƙarshen makonni uku ko huɗu, a ba kowane ɗalibi aikin sake rubuta fage ɗaya daga babin da aka karanta, cikin shafi biyu, daga bakin wani da marubucin ya bari a gefe: ɗan alaro, ko tafinta, ko kofur Bahaushe da aka umarta ya harbi masu salla irin tasa, ko matar da ke cikin gari lokacin da aka fara jin igwa, ko ma sajan Bature ɗan talaka da ke rawar ɗari a tanti yana lissafin kwabban da zai aika wa uwarsa. Ana iya rubutawa da Hausa ko da Turanci, gwargwadon darasin da ake ciki. Sharaɗi ɗaya ne: kada a canja abin da ya faru a fagen, wanda ya ci ya ci, wanda ya faɗi ya faɗi.

Wajen ba da maki, malami ya duba ko ɗalibi ya yi amfani da abubuwa na zahiri da aka koya, kamar nauyin kaya a ka, da albashi, da zazzaɓi, da irin makamin kowane ɓangare, sannan ko mutumin da ya ƙirƙira yana da suna da gari da dalilin da ya kawo shi wurin. Za a samu waɗanda za su juya littafin kawai, su mai da kowane Bature mugu, kowane namu waliyyi. Irin wannan takarda a mayar wa mai ita, a nuna masa cewa dabarar Henty ya ara ya sauya mata riga, a ba shi mako guda ya sake rubutawa. Takardu uku ko huɗu da suka fi kyau a karanta su a gaban aji, sannan a ɗinke su da zare a ajiye a kanta ɗaya da littafin, yadda ajin baɗi zai same su tare.